Yadda ake gyara aloi rim a inji a ɗaura wa mota ya zauna daram

Yawancin masu sayen aloi rim, wato rim ɗin alminiyam, a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo abu biyu kawai suke dubawa, kyan zanen rim ɗin da kuma yawan ramukan noti, in motar mai noti 5 ce rim ɗin ma rami 5 ne toh shikenan sai a biya kuɗi a wuce wajen mai faci. Bayan kwana biyu sai kaji sitiyari na karkarwa da an kai gudun 90 ko 100, ko noti ya riƙa kwancewa da kansa, wani ma sitod ne, wato ƙarfen da noti ke ɗauruwa a kansa, zai gutsure ana cikin tafiya. Duk wannan daga abu uku yake zuwa, ko rim ɗin bai zauna a tsakiyar hob ba, wato ƙarfen motar da ake ɗaura rim a jikinsa, ko bai kwanta sosai a jikin hob ba, ko kuma notin da aka sa ba irin nasa bane. Na daɗe ina wannan aikin tare da masu injin sassaƙar ƙarfe, ga yadda muke bi.

Kayan da zaka tanada

Jak mai kyau da abin tokare mota guda biyu, in babu a samu kututturen katako mai kauri, kar a yi amfani da bulo dan Allah domin fashewa yake ba sanarwa. Wil sifana ko soket mai siririn baki, domin ramin notin aloi matsattse ne soket mai kauri goge fenti yake. Tok renci, wato sifanar da ake saita wa ƙarfin ɗauri. Baniya kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu da ke auna har ɗigon milimita, wannan kam dole ne, tef ɗin tela baya wannan aikin. Rula ta ƙarfe doguwa ko wani miƙaƙƙen ƙarfe. Burushin waya da sanfefa, kalanzir, alli ko hoda, tsumma, takarda da biro. Sai notuna irin na rim ɗin, bawul sababbi guda 4, da dalmar balansin mai mannewa. Injin sassaƙar kuma ba naka bane, na mai sana'ar ne, kai aikinka ka je masa da lambobi a rubuce ka tsaya a kansa.

1. Fara sanin lambobin motarka

Lambobi 4 ne. Na farko PCD, wato faɗin da'irar da notunan suke kai, ana rubuta shi kamar 5x114.3, noti 5 a kan da'ira mai faɗin mili 114.3. Na biyu faɗin leɓen hob, ƙarfen nan da ya ɗan turo a tsakiya wanda rim ke hawa. Na uku ofset, wato tazarar mili tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskarsa da ke manne da hob, za ka ga an rubuta ET. Na huɗu girman sitod da irin tiredinsa, wato zanen murɗin da noti ke bi.

Ga na motocin da suka fi yawa a wajenmu. Camry 5x114.3 ce, hob 60.1. Honda Accord irinsu EOD da Evil Spirit ita ma 5x114.3 amma hob ɗinta 64.1, ka ga PCD ɗaya tsakiya daban. Nissan masu noti 5 da yawa 5x114.3 hob 66.1, Hyundai da Kia 67.1. Corolla 'yar Amurka daga 2003 zuwa 2013 5x100 ce hob 54.1. Golf 3 ta haya 4x100 hob 57.1, Golf 4 kuma 5x100. Fijo 406 4x108 hob 65.1. Marsandi 5x112 hob 66.6. Hilux mai noti 6 kuma 6x139.7.

Duk da haka ka cire taya ɗaya ka auna da hannunka, domin motocin nan sun sha hannu, wata an canja mata hob da na wata motar. In noti 4 ne ko 6 sai ka auna daga tsakiyar sitod zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa, abinda ya baka shine PCD. In 5 ne babu mai fuskantar wani, sai ka auna tsakiyar biyu da ke maƙwabtaka ka ninka da 1.701. In ka samu 58.8 toh 5x100 ce, 65.8 5x112 ce, 67.2 5x114.3 ce, 70.5 kuma 5x120 irin ta BMW. Kalli 65.8 da 67.2, ido bazai taɓa rabe su ba, shi yasa nace baniya dole ce.

2. Duba rim ɗin kafin kuɗi ya fita

Juya shi ka karanta bayan ƙafafun, wato sandunan da suka haɗa tsakiyar rim da bakinsa, zaka ga wani abu kamar 7.5Jx17 ET40, faɗi inci 7 da rabi, girma inci 17, ofset 40. Na Japan yawanci da tambarin JWL ko VIA, wasu kuma an rubuta nauyin da kowane ɗaya zai iya ɗauka, in motarka jif ce ko mai ɗaukan kaya wannan lambar ta fi komai, rim ɗin ƙaramar mota baya ɗaukan Hilux ko da ramukan sun yi daidai.

In ET ɗin ya goge ga yadda ake fitar da shi. Kifa rim ɗin fuska a ƙasa a kan kwali, ɗora rular a kan bakinsa na baya, auna daga rular zuwa wurin da ke manne da hob. Sai ka auna faɗin rim ɗin gaba ɗaya daga baki zuwa baki ka raba biyu, ka cire wannan rabin daga awon farko, abinda ya rage shine ET.

Lissafin ofset ba wuya. Mu ce Camry Muscle ce mai 6.5Jx16 ET45 kana so ka sa 7.5Jx17 ET40. Faɗi ya ƙaru da inci 1 wato mili 25.4, rabi ciki rabi waje, 12.7 kowane ɓangare. ET ya ragu da 5, wannan na tura rim waje da mili 5. Kenan ta ciki ya matso kusa da shokozoba da 7.7, ta waje ya fito da 17.7. Je ka leƙa motar ka ga ko akwai wannan filin. Ni dai bana son a yi nisa da ET na asali fiye da mili 5 zuwa 10, in ya wuce haka boris na wahala kuma taya na fara cin madigadi in an ɗau mutane a baya.

In Beljiyam ne ba sabo ba sai ka ƙara natsuwa. Wanda aka yi wa sabon fenti ta ciki ka tambayi dalili, sau da yawa walda aka rufe. Shafa hannu a cikin gangar ka ji ko akwai tudu. Ɗaga shi da igiya ka ɗan buga da sifana, lafiyayye ƙara yake mai tsawo, mai tsagewa kuma sai kaji ƙarar ta mutu nan take. Inda kake zargi ka wanke ka zuba kalanzir ka bari ya ɗan jima, goge tas, ka shafa alli ko hoda, in akwai tsaga kalanzir ɗin zai fito ya zana layi a jikin allin. Tsaga a ƙafar rim ko kusa da ramin noti, ajiye musu kayansu ko nawa suka rage. Sannan ka nemi a juya kowanne a injin balansin babu taya, in bakin na kaɗawa fiye da mili 1 a lanƙwashe yake. Ka yi sharaɗi da mai kaya cewa in bai hau ba zaka dawo da shi, kuma ka sani da inji ya taɓa shi ba mai karɓa.

3. Gwada shi tsirara a jikin motar

Kafin a sa taya kafin a je inji. Ɗaga gaba, tokare, cire tayar, kankare tsatsar fuskar hob da leɓensa da burushi da sanfefa har ƙarfe ya fito fes. Duba gindin sitod, wasu motocin suna zuwa da wasu 'yan siraran wasa, wato zobban ƙarfe, masu haƙora da kamfani ya sa don riƙe faifan birki, rim ɗin ƙarfe baya damuwa da su amma aloi mai shafaffen baya a kansu zai hau ya ƙi kwanciya, cire su ka yar. Na Honda sukurori ne guda biyu a jikin faifan, tabbatar kansu ya nutse.

Ɗora rim ɗin. Abu uku zai faru, ko ya shige ya kwanta ba wasa, wannan ka huta, ko ya tsaya a kan leɓen hob ya ƙi ƙarasawa, ramin tsakiyarsa ya yi ƙanƙanta kenan sai mataki na 4, ko ya shige amma yana motsi sama da ƙasa, ramin ya yi girma sai mataki na 5. Wanda ya ƙi ƙarasawa kar ka yarda a ce a ja shi da noti zai shiga, tsagewa zai yi. Sa noti biyu ko uku da hannu ka juya rim ɗin a hankali ka leƙa tsakaninsa da kalifar birki, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ina son mili 3 ko fiye ta ko'ina, ka tuna dalmar balansin ma zata zauna a ciki. A kaɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu. Ka gwada baya ma, wasu motocin leɓen hob na gaba da na baya tsawonsu ba ɗaya bane.

4. Buɗe ramin tsakiya a inji

Nan ne asalin aikin. Misalin da muka fi samu shine rim ɗin Camry za a sa wa Accord, 60.1 zuwa 64.1, mili 4 a faɗi wato mili 2 kacal za a ci a kewaye. Irin wannan ba matsala in akwai nama. Duba bayan rim ɗin, tsakanin bakin ramin tsakiya da ramukan noti, da kuma ramukan rage nauyi da ake yi a wurin, in bayan an ci bangon zai koma siriri kamar mili 3 ko 4 a fasa. Buɗewa mai yawa irin daga 54.1 zuwa 66 ban yarda da ita ba.

Ka nemi mai injin da zai iya juya rim inci 17 ko 18, ba kowane inji ke da wannan filin ba, wasu sai sun cire wani ɓangare na gadon injin. In babu babba, masu injin borin da ke gyaran bulok ɗin mota ma suna iyawa, a kwantar da rim a teburi a ɗaure wuƙar ce ke juyawa. Abinda ba a yi kwata kwata shine fayil, ko giranda, ko dutsen nan da ake sa wa diril a riƙa zagayawa da hannu. Ramin zai buɗe amma ba zai zama da'ira ba kuma ba zai tsaya a tsakiya ba, duk balansin duniya bazai hana wannan rawa ba.

Je da motar ko da hob ɗin in a kwance yake. Mai injin ya auna leɓen da kansa bayan an kankare tsatsa, ya auna tsawon leɓen ma domin zurfin da zai ci ya wuce shi da mili 1 ko 2. Ba lallai a huda ramin har fuska ba, in aka ci ta baya kawai zuwa zurfin da ake so murfin tsakiyar rim ɗin zai cigaba da zama a wurinsa, mutane da yawa sai an gama suke tuna murfi.

Wajen ɗaurawa a inji a sa kwali ko roba kar haƙoran su ci fenti, kuma kar a matse da ƙarfi har gangar ta lotsa. Sai saitin tsakiya, nan zaka gane gwani. Zai ɗora agogon awo mai allura a cikin tsohon ramin ya juya rim da hannu yana ɗan bubbugawa har allurar ta daina kaɗawa, kar ta wuce 0.05 zuwa 0.1, sannan ya mayar da agogon kan fuskar da ke manne da hob ya ga ita ma bata kaɗawa. Saitin nan ya fi yankan cin lokaci, in kaga mutum ya ɗaura ya kunna inji nan take ba agogo ka ce ya dakata. In tsohon ramin ya riga ya lalace a yi saitin daga inda bakin taya ke zama.

Yankan kaɗan kaɗan ake yi, kamar rabin mili a kowane zagaye, ana ɗiga kalanzir domin alminiyam na manne wa bakin wuƙa ya ɓata aikin. In an kusa sai a rage ci a riƙa aunawa. Abinda ake nema ramin ya fi leɓen hob da kamar 0.1, in hob 64.1 ne a tsaya tsakanin 64.15 da 64.2. Zaman da ake so irin na murfin kwanon samira ne, ya shiga da hannu ba duka kuma in ka girgiza ba motsi. A bar rim ya huce kafin awon ƙarshe don zafi na buɗa shi. Daga nan a karya bakin ramin ta baya a ɗan fiƙe shi digiri 45 kamar mili 2 ko 3, saboda gindin leɓen hob ba a tsaye cak yake ba yana da ɗan lanƙwasa, in ba a fiƙe ba rim zai hau kan lanƙwasar ka ga kamar ya zauna alhali da sauran 'yar tazara, noti zai ɗauru yau gobe ya saki. Gama na farko a gwada a mota tukuna kafin a taɓa sauran ukun.

5. In ramin ya yi girma, zobe

Yawancin sababbin rim na kasuwa da gangan ake musu babban rami kamar 73.1 don su hau motoci da yawa, sai a cike tazarar da zobe. Na Camry kenan zobe mai waje 73.1 ciki 60.1. Ana samun na roba da na alminiyam a kasuwa, in ba a samu girman ba mai injin zai sassaƙa maka daga guntun alminiyam, aiki ne mai sauƙi. Wajen ya shiga rim da ɗan matsi yadda sai ka danna da babban yatsa, cikin ya fi hob da 0.1, a masa ɗan leɓe ko fiƙa ta baya daidai da na rim ɗin don kar ya zurma ciki, kuma kar ya turo ya wuce fuskar rim ko da kaɗan. Ni na fi son alminiyam saboda zafin birki da zafin garinmu, na roba na gajiya. A shafa ɗan giris siriri a leɓen hob kar zoben ya manne.

Za a ce maka ai noti mai tsini na saita rim da kansa ba sai da zobe ba. Wani lokacin yana yi, in an ɗaure a sama a hankali, amma ran da taya ta fashe a hanya yaron mai faci ya ɗaure yadda ya ga dama rawa zata dawo. Kar a naɗa salatif ko gwangwani a madadin zobe.

6. Rage bayan rim

In rim ya fito waje kaɗan ana iya cin fuskar bayansa, duk mili 1 da aka ci ET ya ƙaru da 1. Iyaka mili 2 zuwa 3, kuma sai an auna naman da ke ƙarƙashin mazaunin noti, wato inda noti ke takawa a ramin rim, an ga da kauri, sannan ka tuna ƙafafun rim zasu matso kusa da kalifa daidai abinda aka ci. In ana bukatar fiye da haka rim ɗin ba na motar bane. Akasin haka, in yana taɓa kalifa, sifesa, wato siririn faranti da ake sawa tsakanin hob da rim, mai mili 3 zuwa 5 na iya raba su matuƙar leɓen hob ya rage da abin kama rim kuma sitod ya isa, amma tara wasa a kan kowane sitod kam haramun ne a aikin nan.

7. In ramukan noti basu yi daidai ba

Gaskiya in PCD bai yi ba shawarata ta farko a mayar a canjo. Abinda ake yi a wasu wuraren, a sa fayil a ja ramukan su zama doguwa har rim ya shiga, shine mafi haɗari a duk abinda na lissafa, notin gefe ɗaya kawai zai taka, yana ɗaurewa yana lanƙwasa sitod, sitod kuma in ya sha lanƙwasa yau da gobe karyewa yake. Haka ɗora 5x112 na Marsandi a kan 5x114.3 da ƙarfin sifana, zai shiga don bambancin mili 1 da ɗan kai ne a kowane rami, amma duk sitod biyar a karkace suke. Akwai notuna na musamman masu wuya mai motsi da aka yi don irin wannan ƙaramin bambancin, suna aiki a rim mai mazaunin tsini kawai, in ka samu masu kyau toh, amma basa haɗa 100 da 114.3.

Sabuwar huda tana yiwuwa da sharaɗi. Bayan rim ɗin ya zama cikakken nama ne a tsakanin tsofaffin ramukan, ba mai aljihu ba, wato ramukan rage nauyin nan, kuma yawancin rim aljihu gare su a daidai wurin. A yi ta a injin da ke da teburi mai juyawa da ma'aunin digiri, a saita daga ramin tsakiya, rami 5 digiri 72 tsakaninsu, rami 4 digiri 90, a fara da ƙaramin bakin diril sannan babba, sannan a yanka mazaunin noti digiri 60 duka zurfi ɗaya. Zana da kamfas a huda da diril ɗin hannu ba aiki bane.

Cike tsofaffin ramuka da walda a sake hudawa kuwa kar ka yarda. Aloi rim bayan an zuba shi gasa shi ake a kamfani don ya yi ƙarfi, zafin walda na kashe wannan ƙarfin a daidai inda noti ke riƙe mota. In ka nace sai wannan rim ɗin, adafta ta fi, faranti mai kauri kamar mili 20 zuwa 25 da ake ɗaurewa a hob tana da nata sitod, sai dai zata turo rim waje daidai kaurinta, sai rim mai babban ET zai yi.

8. Noti

Mazaunin noti kala uku ne, mai tsini digiri 60, mai zagaye kamar ƙwallo, da shafaffe mai wasa. Rim na kasuwa kusan duk mai tsini ne. Aloi na asali na Toyota shafaffe mai wasa yake amfani da shi, na Honda mai zagaye, Volkswagen da Marsandi bol mai zagaye, wato mai kai da ake murɗawa cikin hob a madadin sitod da noti. Ka'idar ita ce mazauni na bin rim, tiredi na bin mota. Wato in ka sa rim ɗin Camry a Accord notin Toyota mai wasa zaka nema, an yi sa'a duka biyun M12x1.5 ne. Nissan kuma M12x1.25 ce, notin Toyota zai fara shiga zagaye ɗaya biyu ya cije, in aka tilasta tiredi ya tafi.

Ƙirga zagayen da noti ke yi daga kamawa zuwa tsayawa. M12x1.5 a samu 8, M12x1.25 kusan 10, M14x1.5 a samu 9 ko fiye. In bai kai ba a sa dogayen sitod. Masu bol irin Golf da Fijo da Marsandi, aloi ya fi rim ɗin ƙarfe kauri don haka sai bol mai tsawo, amma in ya yi tsawo da yawa zai taɓo kayan birki a ciki musamman baya, bayan ɗaurewa ka juya tayar da hannu ka saurara. Noti mai rufaffen kai kuma ka tabbata sitod bai tokare shi daga ciki ba.

9. Taya da balansin

In rim ya ƙaru taya ta rage kauri yadda tsayin gaba ɗaya zai tsaya kusa da na da, kar bambanci ya wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100. 215/60R16 tsayinta kusan mili 664, 215/55R17 kusan 668, sun dace. Corolla mai 195/65R15 na komawa 205/55R16 lafiya lau. Ra'ayina a hanyoyinmu masu ramuka kar a ƙara fiye da inci 1, siririyar taya 45 ko 40 rami ɗaya ke lotsa rim. Duba lambobi 4 na ƙarshen DOT a jikin tayar, 2322 na nufin an ƙera tayar a sati na 23 a 2022.

A sa taya da inji ba da ƙarfen bugu da guduma ba, a sa sabon bawul. Motocin Amurka da yawa daga wajen 2008 suna da sensa mai auna iskar taya a gindin bawul, a cire ta daga tsohon rim a mayar sabo in ba haka ba fitila zata tsaya a dashbod. Balansin da dalma mai mannewa ta ciki, a goge wurin da fetur tukuna. In rim ɗaya ya nemi dalma mai yawa sosai a sassauta tayar a juya ta rabin zagaye a kan rim a sake gwadawa, wanda ya fi cin dalma a kai shi baya.

10. Ɗaurawa

Mota a sama, hob a goge, zobe a ciki. Kar a shafa giris ko baƙin mai a sitod ko mazaunin noti, lambar ɗaurin ta busasshen tiredi ce, da mai za ka wuce ƙima baka sani ba. Kama duk notunan da yatsu, sannan ka ɗan matse su a tsallake, na sama sai na ƙasa mai fuskantarsa haka har ka zagaye kamar zanen tauraro, tayar na sama har yanzu. Sauke motar ta ɗan taɓa ƙasa sai ka ƙarasa da tok renci a tsallake, zagaye biyu. Ƙarfin ɗaurin da ake saita wa tok renci da Nm ake auna shi, Camry da Corolla 103 Nm, Accord 108, Golf 4 120, sauran a duba littafin motar.

In babu tok renci ka yi lissafi, 103 Nm daidai yake da nauyin kilo 10 da rabi a ƙarshen sanda mai mita 1, sifana mai rabin mita kilo 21 kenan, mai santimita 30 kuma kilo 35. Ƙarfin hannu ne na babban mutum, baya bukatar a zura bututu a hau da ƙafa ana tsalle, wannan ke miƙar da sitod ya kuma lanƙwasa faifan birki. Bindigar iska ma a kama da ita kawai kar a ƙarasa da ita.

11. Gwaji

Fara a hankali gilashi a sauke kana saurare, kaɗa sitiyari har ƙarshe ka zagaya, hau kan tudun rage gudu da mutane a baya, ka tsaya ka leƙa gefen taya da cikin madigadi ko akwai alamar gogewa. Sai ka hau babban titi ka kai 80, 100, 120 in hanya ta bada dama. Rawa a sitiyari daga gaba take, rawa a kujera daga baya. In akwai a fara da sake balansin, in bata tafi ba a cire a duba zobe da fuskar hob, fentin da ya yi kauri a bayan rim ko a mazaunin noti ma na kawo ta, a kankare shi.

Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin duk notunan da tok renci, sabon aloi na ɗan zama noti ya saki, in ka samu wanda ya saki sosai ka sake dubawa bayan wani 100 ɗin, wanda ya cigaba da saki mazauninsa ne bai dace ba a canja shi. A yi alaimen tunda faɗin taya ya canja. Sannan ka ɗaure tsofaffin notuna ko bol na taya ɗaya a leda ka ajiye kusa da safaya tare da soket ɗin da ke shiga sababbin, domin safayar ƙarfe sau da yawa bata karɓan notin aloi, dogon bol ma a jikinta zai wuce ya taɓo birki.